KU TUNA DA SHEKARAR KULLE KAFIN KU JEFA ƘURI'A

Ya ku 'yan'uwa manoma, iyaye maza da iyaye mata. Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya don na gefe su ji, gama maganar ta 'ya'yanku ce.

Kowane ƙauye na ƙasar Kano, daga Kura zuwa Gezawa, daga Madobi zuwa Bichi, yana da samarin da kan tafi birni cin rani da an gama girbi. Da yawansu masana'antun Sharada, Challawa da Bompai suke nufa, inda ake jimar fata, ana narka roba, ana buga buhuna. Galibinsu leburorin wuni ne, watau a yi aiki a biya, ba takardar ɗauka, ba fansho, ba kuɗin magani. Da ɗan abin da suke aikowa ake sayen taki, a biya sadaki, a gyara zana.

To, sai ga annobar korona. Ran 11 ga Afrilu 2020 aka sami mutum na farko da ita a Kano, ran 16 ga wata aka kulle gari, mako guda kafin azumi. Aka rufe Kantin Kwari da kasuwar Sabon Gari, aka tare hanyoyi, aka hana sallar Juma'a. Mai hali ya cika ɗakin ajiya da shinkafa, ya kunna janareto, 'ya'yansa suna karatu ta waya. Shi kuwa ɗanku yana ɗakin haya da abokansa biyar, ba aiki, ba kuɗin mota, ba hanyar gida, ga labarin mace-mace kullum safiya. An ce cuta ba ta san mai kuɗi ba. Haka ne, amma yunwa ta san talaka sarai. Ba mu manta yadda aka kwashi almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu ba. Kuma a watan Oktoba na 2020 jama'a suka fasa rumbuna a Jos da Kaduna da Legas, suka tarar da abincin agaji jibge.

An buɗe gari, amma akwai ciwon da ya rage a zukata. Kun ga yaron da ya tafi da fara'a ya komo ba ya magana, ba ya barci, abu kaɗan ya harzuƙa. Wani ya faɗa shan ƙwaya don ya manta. Waɗansu suka ce aljanu ne, waɗansu suka ce sammu, waɗansu suka ce lalaci. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa, kuma yana da magani kamar zazzaɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa a shekarar farko ta annobar wannan ciwo ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma matasa da mata ne ya fi taɓawa. Tun kafin annoba ma, binciken gwamnati da Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke shan miyagun ƙwayoyi. Ashe kulle a kan gyambo ya faɗa.

Ina talaka zai kai ɗansa? Sai Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuɗin mota kaɗai ya cinye kwanon gero nawa? A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta Turawa ta 1958. Madalla. Amma doka a takarda ba ta warkar da kowa, sai an sami masu aiki da ita.

Saboda haka ga alkawarin jam'iyyarmu, ku riƙe shi don ku tuhume mu da shi. Na ɗaya, kowane asibitin ƙaramar hukuma zai sami ma'aikacin da aka horar a kan ciwon damuwa, da magani mai rahusa. Na biyu, duk leburan masana'anta zai sami rajista da takardar aiki, don ran da aka rufe ƙofa a san da zamansa. Na uku, in wata masifa ta zo, Allah Ya kiyaye, a gaban mai unguwa da liman da jama'a za a raba agaji, a karanta sunaye kowa ya ji. Na huɗu, yaron da ƙwaya ta kama a yi masa magani, a koya masa sana'a, masu safararta kuwa su gamu da shari'a.

Kafin nan, iyaye, ku ja 'ya'yanku a jiki. Kada ku sa musu mari, kada ku yi musu gori. Ku yi addu'a, ku kai su asibiti.

Ranar zaɓe za a zo muku da taliya da sabulu da atamfa. Ku tambayi mai rabon, ina yake a azumin 2020? Sabulu mako biyu yake yi, mulki kuwa shekara huɗu. Ku adana katinku, ku fito da sassafe maza da mata, ku dangwala wa jam'iyyarku, ku tsaya har a ƙirga a gabanku.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya shirya mana zuriya. Amin.