Wasiƙar Sabuwa: Sarkin Musulmi Bello da Littattafan Magani

Zuwa ga Edita. Ina roƙo a ba ni fili wannan mako in tuna wa jama'a wani aiki na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya yi sarauta daga 1817 har rasuwarsa a 1837.

Galibin mutane sun san shi da yaƙi da shari'a da tarihi, amma kaɗan ne suka san ya wallafa littattafai na magani da Larabci. Akwai Almawaridun Nabawiyya, inda ya tara abin da ya zo daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da magani. Akwai Alƙaulul Manthur, wanda ya keɓe ga cutar basur. Ya yi rubutu kuma a kan ciwon ido, da yadda ake shan filasko don wanke ciki. Wannan filaskon har yau likitoci suna ba da shi, har ma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin lura a nan, Bello bai ɓoye iliminsa ba. Yakan ambaci cuta, ya ambaci magani, ya faɗi littafin da ya samo shi, don almajiri ya duba ya tabbatar. Bai kuma ƙyamaci ilimin baƙi ba. Da Kyaftin Kilafatan Bature ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa.

To, jama'a, mu dubi halinmu a kasuwannin Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara. Ga mai tallan magani da lasifika da kwalabe, yana rantsuwa maganinsa ɗaya yana warkar da basur da shawara da sanyi gaba ɗaya. In ka tambaye shi abin da ke ciki, sai ya ce sirrin kakanni ne. Mai zubar da jini ta dubura yakan shekara yana shan wannan jiƙo, alhali wani lokaci abin da ke damunsa ciwon daji ne na hanji, wanda in an gano shi da wuri a asibiti ake iya yi masa aiki. Filaskon ma in ya yi yawa yakan zuƙe ruwan jiki, balle ga yaro da tsoho.

Saboda haka roƙona biyu ne. Na farko, malamanmu masu Larabci su nemi littattafan nan a ɗakunan ajiyar takardu na Sakkwato da Kaduna, su mai da su Hausa tare da wani likita, a bayyana abin da bincike na yanzu ya tabbatar da abin da ya bari. Na biyu, malaman makaranta da ma'aikata su riƙa faɗa wa jama'a cewa duk maganin da mai shi ya ƙi faɗin sunansa da ma'auninsa, a bar masa abinsa, a tafi asibiti.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.

Naku,
Mai karatu a Sabuwa