Wahala Daban, Juriya Daban

A watannin Afrilu da Mayu na 2020, lokacin annobar Korona, gwamnonin Arewa sun yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka yi ta loda yara a motoci daga Kano zuwa Jigawa, aka killace ɗaruruwansu kafin a miƙa su gida, har gwaji ya nuna wasu sun kamu da cutar. An zagi gwamnati, an zargi malamai. Amma wanda ya fi cancantar tuhuma, wato uba, shi ne aka ƙyale.

Karatun allo ba shi ne laifi ba, don shi ya ba ƙasar nan mahaddata. Laifin shi ne uba ya ɗauki ɗan shekara bakwai daga ƙauyen Babura ko Roni ko Gwiwa ya kai shi birni, ba guzuri, ba ziyara, sannan ya ce wai yana so yaro ya san duniya. Yaron da ya kwana da yunwa bai koyi juriya ba. Abin da ya koya shi ne roƙo, da tsoro, da cewa ba shi da kowa.

Haka nan uban da ke gida amma ɗansa bai san shi ba sai da tsawa da bulala. Irin wannan yaro yakan yi ladabi a gaban ido, ya yi ɓarna a bayan ido. A 2018 gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin saboda yadda ya cinye matasa, amma haramci bai cike gurbin uba ba. A 2021 Gwamna Badaru, ɗan Babura, ya sa hannu a dokar kare haƙƙin yara ta Jigawa. Ita ma doka iyakarta zaure, ba ta shiga cikin gida.

Manzon Allah (S) ya tashi maraya, ya yi kiwo, ya je fatauci Sham yana yaro. Amma tare da baffansa Abu Ɗalib ya je, a ƙarƙashin idonsa. A nan darasin yake: a ɗora wa yaro nauyi daidai ƙarfinsa, babba na kusa.

Don haka saurayin da ke shirin aure, ko mai ɗan fari a hannu, ya fara tun yanzu. Ya ba yaro akuya guda ya kula da ita. Ya yankar masa kunya biyu a gonar gero ko riɗi, amfanin ya zama nasa. Ya aike shi kasuwa, ya zauna su yi lissafin canji tare. In ya yi kuskure, a tambaye shi dalili kafin hukunci, a bar shi ya gyara da hannunsa. In kuwa ya kama a tura shi karatu, a tura shi da abinci, a san malaminsa, a riƙa leƙa shi. Mai tafiya cirani ma kada ya manta ya bar amana a baya.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa sai yana wurin. Ranar Lahira ba gwamna za a fara tambaya game da yaron ba, ba kuma malam ba. Allah Ya shiryi zuriyar Musulmi, amin.