Daga Fatauci Zuwa Masana'anta: Tafarkin Rukunin Dangote

Dabarar da rukunin kamfanonin Dangote ya bi wajen bunƙasa ita ce komawa tushen haja, wato ɗan kasuwa ya daina sayo kaya daga ƙetare, ya shiga sarrafa su da kansa tun daga ɗanyen abu har zuwa buhun da ke isa kasuwa. Rukunin ya faro da fatauci a ƙarshen shekarun 1970, amma bayan gwamnatin tarayya ta fito da manufar ƙarfafa yin siminti a gida a 2002, sai ya kafa masana'antar Obajana a Jihar Kogi, daura da inda ake haƙo dutsen farar ƙasa, ya kuma tanadi motocinsa na dakon kaya. Ribar siminti ce ta share fagen matatar mai ta Lekki, wadda aka ƙaddamar a 2023 da ƙarfin tace ganga 650,000 a kullum. Wannan tafarki abin yabo ne domin yana samar da aikin yi, sai dai kariyar da gwamnati ke bai wa masana'antun gida ba za ta amfani talaka ba muddin hukumomi ba su tabbatar da gasar da za ta sauko da farashin buhun siminti ba.