Wa ya cinye mana ƙugiyar ƙ a rigunan ƙwallo?

 Yau maganarmu da masu tsara mana fosta da masu buga mana rigunan ƙwallo ce, sannan da mu da muke biyansu.

Kowa ya ga salon da ake yayi yanzu. Haruffa ne manya, masu kauri, masu kusurwa kamar an sare su da adda. Su ne a bayan rigar ɗan wasa, su ne a fostar gasar hutu, su ne a sanarwar kokawa da ke yawo a WhatsApp. Ba mu ce ba su da kyau ba. Daga nesa ana hango su, kuma suna da kwarjini. Amma ku tsaya ku karanta abin da aka rubuta. "KWALLON KAFA". "KUNGIYAR MATASA". "BARKA DA ZUWA MANYAN BAKI". Haba jama'a! Baƙi muka gayyato, ko bakuna?

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin waɗannan haruffan da matasanmu ke ɗaukowa a PixelLab, Canva ko CorelDRAW, an zana su ne don Turanci da Faransanci. Wanda ya zana su bai sa ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a ciki ba. To idan mai tsarawa ya danna ƙ, ɗayan biyu ne: ko wani ɗan akwati ya fito a gurbin harafin, ko na'ura ta aro siririn ƙ daga wani salo ta cusa shi tsakanin ƙattai, kamar ɗan akuya cikin garken shanu. Sai mai aiki ya ga abin ya yi muni, ya goge, ya sa k. Shi ke nan, an yanke ƙugiya don riga ta yi kyau.

Za a ce mana ai kowa ya gane. Wa ya gane? Babba da ya san maganar tun kafin ya karanta, shi ne ya gane. Yaron da ke koyon karatu fa? Ƙasa daban, kasa daban. Ɓata daban, bata daban. A ce ƴan wata unguwa sun sa wa ƙungiyarsu suna don suna tada ƙura a fili, mai bugu ya mayar da su masu tada kura. Wannan ba ado ba ne da za a cire in an ga dama, harafi ne mai zaman kansa. Ɗan lakwal da ya manta alamar da ke kan é, mushe ba ya ƙyale shi, jan biro zai sha. Me ya sa namu haruffan ne kaɗai ba su da mai kishinsu?

Kuma ba wai babu ƙa'ida ba. Tun 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta tsayar da yadda ake rubuta Hausa, har da ƴ da muke amfani da ita a nan, inda ƴan uwanmu na Najeriya suka fi rubuta 'y. A watan Maris na 2025 kuma, kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Mun yi murna, mun yi ta yaɗawa a Facebook. To wace irin murna ce wannan, in kalmar "ƙasa" kanta ba ma iya rubuta ta daidai a fostarmu?

Waɗanda muke kwaikwayo ma ba sa yin shiru a kan rubutu. A gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Adidas ta sa wa ƙasashe irin su Jamus da Ajantina wasu haruffa masu kusurwa, ƴan kallo suka yi ca cewa sunayen ƴan wasa ba sa karantuwa. Su wahalar karatu kawai ta dame su. Mu ma'ana ake canza mana, muna tafi.

Gyaran ba ya cin ko dala. Akwai salon rubutu na kyauta da ke da haruffanmu duka: Noto Sans na Google yana da mai kauri sosai da ya isa kanun fosta, ga Andika da Charis na SIL don ƙananan bayanai. Gboard na da allon Hausa a waya. In kuma lalle sai wancan mai kusurwar ake so, mai CorelDRAW na iya zana ƙugiyar da hannunsa ya ɗora. Mai buroshi da fenti da ke rubuta allon shago, in ya san harafin, lanƙwasa ɗaya yake yi ya wuce. Bai kamata mai kwamfuta ya gaza shi ba.

Saboda haka shugabannin ƙungiyoyi, ku da kuke tara kuɗin riguna jaka-jaka daga aljihun matasa, kafin a kai aiki Magarya, Damagaram ko Kano, ku rubuta sunan daidai a takarda. Ku ce a turo muku samfuri a waya kafin a buga. In ƙugiya ta ɓace, ku mayar a gyara kafin ku cika kuɗi. Ranar da mai bugu ya san ba za a karɓa ba, ranar zai nemo harafin.

Ku ɗauko hoton rigar ƙungiyarku ko fostar garinku ku ajiye mana a ƙasa, mu gani tare.