Masu cewa rap kiɗan 'yan daba ne, ku zo mu yi magana

Duk ranar da muka sa rap a rediyo, sai waya ta yi ta ƙara: wai muna lalata yara, wai kiɗan 'yan daba ne. To, rabin maganar gaskiya ce. Sauran rabin ne ba ku faɗi.

Ƙwarai, cikin 'yan daba aka haifi hip hop, a unguwar Bronx ta birnin New York. Gidaje na cin wuta, ba aikin yi, kowane layi da gungun da ke riƙe da shi. A watan Disamba 1971 aka kashe wani saurayi, Black Benjie, ɗan ƙungiyar Ghetto Brothers, alhali rabon faɗa ya kai shi. Abokansa na da ƙarfin ramawa, amma suka ƙi. Suka tara shugabannin gungu-gungu a Hoe Avenue ranar 8 ga wannan wata, aka yi sulhu. Daba ba ta mutu ranar ba, kar mu yi ƙarya. Sai dai yaro ya fara iya tsallaka wata unguwa ya je wasa ya dawo da ƙafafunsa. Ko shekara biyu ba a cika ba, ranar 11 ga Agusta 1973, DJ Kool Herc ya yi wasan nan na Sedgwick Avenue da ake ɗauka mafarin hip hop. Waɗanda da wuƙa ke raba su, suka koma gwada juna da rawa da baki.

Mu dawo gida. Mu da muka tashi a Yamai muna rubuta kalmomin rap a bayan kayen lakwal, mun san inda namu ya tsiro: a fada, gefen butar shayi. Kaidan Gaskiya, Wass Wong, Lakal Kaney. Ku tambayi Bazabarme ma'anar sunan nan na ƙarshe, zai ce muku kwanciyar hankali. Su ne suka yi wa samari maganar sida da cin hanci lokacin da manya da yawa ke jin nauyi.

Yau kuwa me muke ba samarin fada? Kamen dare da kwanan komisariya. Wanda ya kalli fim ɗin Aïcha Macky na 2021 a kan 'yan palais na Kara-Kara a Damagaram ya ga yara masu ƙarfi, ba aiki, ba mai sauraronsu. Masu zagin rap, a cikinku wa ya taɓa zama da su ya sha ko kofi ɗaya?

Mu ma ba mu fita ba fa. Mawaƙa biyu su zagi iyayen juna a TikTok, washegari mu ne da kiransu studiyo don a ƙara wa wutar fetur, saboda rigima ke jawo masu saurare. Wallahi abin kunya ne. A shirinmu dai mun daina. Mawaƙin da ke da rikici da ɗan'uwansa, ya zo tare da shi, makirfo biyu gare mu.