'Yarki za ta fara aikin asibiti? Ta shiga ta ƙofa



Kowacce a cikinmu ta san sanyin da mace ke ji in tana kwance a asibiti ta ga mace 'yar uwarta ce ke kula da ita. Shi ya sa nake cewa kar mu raina aikin atenda, mai taimaka wa nas. Ita ke canja zanin gado, ta taimaka wa mara lafiya wajen wanka da kewayawa, ta juya wadda ta daɗe a kwance don kar bayanta ya yi gyambo. Aikin lada ne, kuma abinci ne na halal.

Amma don Allah ku ji ni da kyau. Atenda ba nas ba ce. Ba ta allura, ba ta sa ƙarin ruwa, ba ta rubuta magani. Masu karɓar kuɗinku su ce za su mai da yarinya "ogzilari" cikin 'yan watanni, hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa ba ta san da takardarsu ba. Ranar da aka samu matsala su za su zame, 'yarki za a riƙe.

In za ta fara, ki tabbatar ta yi rigakafin ciwon hanta, allura 3 ce. Kar ta taɓa jini ba safar hannu. Abin da ta gani a jikin mara lafiya amana ne, ba na hira ba ne, balle ɗaukar hoto a waya. Akwai aikin dare, a yi maganarsa da babanta ko maigidanta tun kafin ta karɓi aikin.

Sannan kar ta zauna nan. Ta haɗa kiredit 5 a WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Da su ake neman makarantar nas da ungozoma, ko makarantar koyon aikin lafiya, inda JCHEW ke ɗaukar shekara 2, CHEW shekara 3. In an gama akwai lasisi, ba mai raina ta.

Hajiya, kuɗin da za ki kai wa ɗan damfara, gara ki biya mata jarrabawa da shi.

Allah ya yi wa 'ya'yanmu albarka. A tura wa sauran mata.

Taku,
Shugabar Mata