Takardar da ba a liƙa ba a bangon komisariya

A wannan mako zancenmu ya shafi mai kaki, da abin da aka rubuta game da aikinsa. Ranar 17 ga Disamba 1979, babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da wani kundi na ladabin aikin jami'an tsaro. Gajere ne ƙwarai, ayoyi 8 kawai. Nijar tana cikin wannan majalisa tun 1960, saboda haka da mu aka yi. Sharhin da ke biye da aya ta farko ya bayyana cewa kundin ya haɗa da duk wanda aka bai wa ikon kama mutum ko tsare shi, ko da soja ne. Ke nan jandarma ma yana ciki.

Kundin ba yarjejeniya ba ce da ke ɗaure ƙasa a gaban alƙali. Ma'auni ne, kowace gwamnati ta zuba shi cikin dokokinta. Amma ɗan kasuwar da ya san tiya, da wuya a tauye masa awo.

Aya ta 3 ta ce ɗan sanda ba zai yi amfani da ƙarfi ba sai ya zama tilas, kuma daidai gwargwadon abin da aikin ke bukata. Mu ƴan Nijar mun san nauyin wannan magana. Ranar 9 ga Fabrairu 1990, a gadar Kennedy ta Yamai, an buɗe wuta kan ɗalibai masu zanga-zanga, uku suka rasu. A cikin wannan shekara, watanni kaɗan bayan haka, wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin Habana na ƙasar Kuba ya fitar da ƙa'idodin amfani da bindiga. Sun ce ba a harbi sai don kare rai daga haɗarin mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa. Taron jama'a ko da ba shi da izini, muddin ba tashin hankali a ciki, a guje wa ƙarfi wajen watsa shi. Sun kuma ce kada a hukunta jami'in da ya ƙi bin umurnin harbi wanda ya saɓa wa waɗannan ƙa'idodi. Ma'aikacin gwamnati ya dubi wannan da kyau, domin "an umurce ni" ita ce rigar da kowa ke fakewa a ciki a ofisoshinmu. Aya ta 5 ta kundin 1979 ta tuɓe ta: umurnin shugaba, ko yaƙi, ko dokar ta-ɓaci, babu wanda ke halatta azabtar da mutum.

Sai maganar tsarewa. A 2014, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka, mai mazauni a Banjul, ta zauna a Luwanda ta ƙasar Angola ta fitar da jagora kan kamu da tsarewa. A ciki, wanda aka kama a gaya masa dalili cikin harshen da yake ji, a bar shi ya ga lauya, ya sanar da iyalinsa, a rubuta sunansa cikin rajista. Zamansa hannun ƴan sanda kada ya wuce awa 48, sai fa idan hukumar shari'a ta ƙara. Batun harshe ya fi tsaya mini a rai. Mutum nawa ne ke dangwala yatsa kan takardar Faransanci da ba a fassara masa ko layi ɗaya ba?

Faransa ta kafa nata kundin ladabin ƴan sanda a 1986, kuma tun 2014 ƴan sanda da jandarmomi ke bin kundi guda. An wajabta masu ɗaura lambar shaida a jikin kaki, an kuma rubuta cewa su kira mutum da "ku" na girmamawa. Ko ana cikawa, wannan wani zance ne. Mu dai mun san bambancin "kai, zo nan" da "Malam, bismilla".

Na bar aya ta 7 daga baya da gangan, don ta shafe mu duka. Ta haramta wa jami'i cin hanci, sharhinta kuma ya haɗa har da yunƙurin yin sa. To, Alhazan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da ku direbobi, ku gafarce ni. Sau nawa ake naɗe dala ɗari cikin takardun mota tun kafin mai kaki ya buɗe baki? Mai motar da asiransinta ta mutu ya fi son ya ba da na goro da ya biya tara a ba shi rasit. Ranar da takardunsa suka cika aka kuma nemi goron, sai ya yi kukan zalunci, alhali shi ya koya wa hannun karɓa. Kuɗin kuwa ba daga aljihunsa suke fita ba, ana aza su kan buhun hatsi, mai saye a kasuwa ya biya.

Aya ta 8 ta ɗora wa jami'in da ya ga ana taka kundin alhakin kai rahoto ga shugabanninsa, sharhinta ya ce kada a hukunta shi don ya faɗa. Ayoyin nan takwas ba su cika shafi biyu ba idan an juya su cikin Hausa da Zabarmanci. A ofisoshin da na taɓa shiga na ga hotunan waɗanda ake nema da jadawalin masu gadi a bango, amma ban taɓa cin karo da su ba.